Ku Tambaya: Me Ke Sa Gidan Kallo Ya Kaure da Ihu Idan Jarumi Ya Rama?

Wasiƙun da suka zo mana daga zangunan Kumasi a wannan karo sun taru a kan finafinan kareti da kunfu masu labarin ɗaukar fansa. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Assalamu alaikum. A gidan kallon unguwarmu an saka fim biyu a mako guda. Na farko duka ne tun daga fari har ƙarshe, amma mutane sai latsa waya suke yi. Na biyu an kusa rabin awa ba a kai naushi ko ɗaya ba, amma da jarumi ya damƙi wanda ya kashe malaminsa, sai ɗaki ya kaure da ihu, wasu har kan benci. Me ya kawo bambancin?
*Wani mai karatu daga Aboabo*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da 'yan kallo suke yi wa ihu shi ne biyan bashi. Fim na biyu ya ɗauki rabin awa yana ɗora wa mugu bashi a gaban idonku, na farko kuwa ya yi ta biya alhali ba wanda ake bi.

A fim mai tsawon minti 90, maginin labarin kirki yakan ba da minti 15 zuwa 20 na farko ga wanda za a zalunta: a gan shi yana cin abinci da almajiransa, yana yi wa yaro faɗa cikin ƙauna, yana yafe wa wani. Sai zaluncin ya zo, kuma dole a gan shi da ido. In labarinsa kawai aka kawo, ba ya kama zuciya. Daga nan jarumi ya yi gaggawar ramawa, a lakaɗa masa duka. Wannan kayen na farko shi ne ginshiƙi, domin shi ke sa mai kallo ya yarda cewa za a iya rasa komai. Sai horo, sai yaran mugu ɗaya bayan ɗaya, kowane ya fi na baya, sai babban bos a minti goma na ƙarshe.

Kisa ma bai kai wulaƙanci tayar da ɗaki ba. A Fist of Fury na 1972, wanda Lo Wei ya ba da umarni, 'yan wata makarantar faɗa ta Japanawa a Shanghai sun zo wurin makokin malamin Burus Li, jarumin fim ɗin, da allo mai rubutun cin mutuncin mutanen Sin. Burus Li ya ɗauki allon ya mayar musu har makarantarsu, ya doke su kaf, ya fasa gilashin, ya sa biyu daga cikinsu suka tauna takardar. Abin da aka ci mutunci da shi, da shi aka rama. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, in ji masu iya magana, kuma marubutan Hong Kong sun mayar da wannan sana'a.

Fim yakan mutu a hannun 'yan kallo idan jarumi ya fi ƙarfin kowa tun farko, ko aka ɓoye mugu har ƙarshe ba a ba mutane lokacin tsanarsa ba, ko faɗan tsakiya ya fi na ƙarshe armashi. Akwai kuma abin da allon waya ba zai ba ka ba: ihu yana yaɗuwa. Mutum biyu suka miƙe a gaba, na baya dole su miƙe don su gani, nan da nan ɗaki ya ɗauka. Dattawan da suka yi zamanin sinimomin Roxy da Rivoli sun san wannan, haka ma waɗanda suka taso a gidajen bidiyo na shekarun 1980 da 1990, lokacin da ake zana tallan fim da fenti a jikin buhun fulawa, mai zanen ya ƙara jini da adda ko da babu su a fim ɗin.

Yaya, ni da abokaina mun ɗauki gajeren fim na ramuwa. Da muka nuna a unguwa, wurin faɗan da muka fi shan wahala a kansa shi mutane suka fashe da dariya. Ina muka kuskure?
*Wani matashi daga Sawaba*

Ƙanena, ba mu ga fim ɗin ba, amma dariya a wurin faɗa kusan kullum daga wuri huɗu take fitowa: inda aka ajiye kyamara, wanda aka daka, gudu, da sauti.

Fara da kyamara. Naushin fim ba ya taɓa fuska, yana wucewa ne da tazarar kamar taƙi ɗaya. Idan ka ɗauka daga gefe, mutum biyun suna fuskantar juna a faɗin allo, kowa zai ga iskar da ke tsakani. Koma bayan kafaɗar mai dukan ko ta wanda ake duka, yadda hannu zai gifta ta gaban fuska ya rufe ta. Kyamara ido ɗaya gare ta, ba ta auna zurfi sosai, kuma in ka ja baya ka zuƙo hoton, tazarar tana ƙara ɓacewa. Kada kuma ka tsallaka ɗaya gefen 'yan wasan a tsakiyar faɗa: wanda ke dama ya zauna a dama, in ba haka ba mai kallo zai rasa wa ke dukan wa.

Wanda aka daka shi ke sayar da dukan. Kansa ya karkata ta inda hannu ya nufa, a daidai lokacin da hannu ya gifta. In ya riga, an gane shiri ne. In ya makara, abin ya zama wasan yara. Ku raba faɗan gunduwa-gunduwa, motsi uku zuwa biyar a kowane ɗauka, ku maimaita a rabin gudu kuna ƙirga da baki har jiki ya haddace, sannan ku ƙara sauri. Ku barbaɗa ɗan hoda a takalmi ko a kafaɗar riga, ku sa fitila ta bayan 'yan wasa. Ƙurar da ke tashi ita ke gaya wa ido cewa ƙafa ta sauka.

Batun gudu, tsofaffin masu ɗauka a Hong Kong sukan ɗauki faɗa da hoto 22 a daƙiƙa, a haska shi da 24, sai motsi ya ɗan ƙara kaifi. Kai a kwamfuta za ka yi: ƙara gudu da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. In ka wuce haka, tafiyar mutane da kaɗawar riga za su tona ka. Cire hoto ɗaya ko biyu dab da saukar naushi, za ka ga ya yi nauyi. Ka ɗauka da hoto 25 a daƙiƙa, saurin ƙyaftawar kyamara kuma 1/50 ko 1/100, domin wutar Ghana tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wani saitin daban zai sa fitilun ɗaki su yi ta rawa a hoton.

Sauti kuwa rabin dukan ne, kuma a nan yawancin matasa ke yin kasala, su sauke sauti ɗaya daga intanet su manna shi sau talatin. Kunne yana gane maimaici tun a karo na uku. Ku shiga ɗaki mai labule da katifa da dare ku naɗi naku: kabeji da aka naɗe a tawul a doke shi da sanda don dukan jiki, jiƙaƙƙen tsumma a kan benci don mari, siririn tsumagiya a iska don wucewar hannu, busasshen kara a karya don ƙashi. Kowane duka a haɗa masa uku: iskar kafin ya sauka, saukar, da nishin wanda ya sha. Jini kuma cokali huɗu na zuma, ɗigo kaɗan na jar kalar abinci, da rabin ƙaramin cokali na garin cakulan don ya yi duhu. Ja zalla a allo fenti yake komawa.

In duk wannan ya yi daidai kuma aka ci gaba da dariya, koma ka karanta amsar farko.

Me ya sa a tsofaffin finafinan kunfu baki ke motsi daban, magana daban?
*Wata ɗaliba daga Tafo*

Kamfanoni irin su Shaw Brothers da Golden Harvest sun daɗe suna ɗaukar fim ba tare da naɗar murya a wurin ba. Daga baya ake ɗora magana a situdiyo, da harsunan Sin na Mandarin ko Kantonis, ko da Turanci, gwargwadon kasuwar da za a kai. Mai fassara yana ƙoƙarin cusa jimla cikin daƙiƙun da baki ya motsa, shi ya sa ake jin tsayawa a inda bai dace ba.

Ɗana mai shekara tara ya kalli irin wannan fim, washegari ya shaƙe ƙanensa a tsakar gida yana cewa fansa yake ɗauka. In hana shi kallo gaba ɗaya?
*Wata uwa daga Asawase*

Hajiya, Allah ya tsare gaba. Hani kaɗai ba ya aiki a zango, inda gidan maƙwabta da wayar yayyensa suke buɗe. Ki fara da tantancewa: dokar fim ta Ghana ta 2016 ta tanadi a riƙa sa wa finafinai alamar shekaru, kuma mafi yawan finafinan ramuwa ba na ɗan shekara tara ba ne. Wanda ba ki sani ba, ki duba minti goma na ƙarshe kafin ki bari.

Abubuwa uku ne ba sassauci a kansu: riƙe wuya, tsalle da ƙafa a kan siminti, da sanduna biyu da yara ke haɗawa da sarƙa ko igiya. Matse jijiyoyin wuya yana iya sumar da mutum cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka, kuma yaro bai san lokacin saki ba. Tsallen kuwa mai yin sa ma yana iya jin ciwo, don yana iya sauka da ƙeya. Idan yaro ya bugu a kai sannan ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko ruwa na fita ta hanci ko kunne, a wuce asibiti nan take, Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa. Kada a tsaya shafa man zafi.

Sai ki nuna masa yadda ake yin abin. Finafinan Jaki Chan da yawa suna ƙarewa da hotunan inda aka yi kuskure aka ji ciwo, kuma shi kansa ya fasa ƙoƙon kai a wajen ɗaukar Armour of God a tsohuwar Yugoslabiya, duk da horon da ya samu tun yana yaro. In akwai hali, ki kai shi kulob ɗin judo ko taikwando mai tabarmar roba da malami tsayayye. A judo darasin farko shi ne yadda ake faɗuwa, haɓa a manne da ƙirji. Ki kuma bincika ko akwai abin da ƙanen ya yi masa da ba a bi masa kadi ba.

Ina da gidan kallo mai ɗaukar mutum kamar sittin. Ranar fim ɗin kareti nake cika ciniki, ranar kuma nake asarar benci. Wace dabara ce?
*Wani mai gidan kallo daga Alabar*

Alhaji, ihun shi ne cinikinka, kada ka kashe shi. Benci na karyewa ne saboda na baya ba sa gani idan na gaba sun miƙe. Ɗaga allon yadda ƙasansa zai wuce kan mutum a tsaye, ka ɗora layukan baya a kan dandamali mai tudu kaɗan, ka haɗa benci biyu-biyu da katako ta ƙasa don kada su kife. Bar hanya mai faɗin mita ɗaya a tsakiya, ƙofa kuma ta buɗe waje, ba kwaɗo a kanta muddin akwai mutane ciki.

Lasifika su hau sama da kai, su ɗan sunkuyo. Rage bes, wato amo mai kauri, ƙara sautin tsakiya, domin a nan magana take, kuma wanda bai ji abin da mugu ya faɗa ba shi ke tambayar na kusa har musu ya tashi. Hana caca a kan wa zai ci, ka raba majalisun samarin da ka san ba sa ga maciji da juna, waɗannan dama waɗannan hagu.

Mafi hatsari shi ne ɗaukewar wuta ana tsakiyar faɗan ƙarshe. Sa wa talabijin da na'urar kunna fim ƙaramin batirin ajiya da zai riƙe su minti biyar kafin janareta ya tashi, janaretan kuma a waje nesa da taga, don hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki. In fim ya ƙare, kunna fitila ɗaya tukuna, ka bar sunaye da kiɗa su yi minti biyu suna tafiya, sannan ka buɗe ƙofa duka biyu.