Jirgin Duron Yana Rasa Siginar GPS a Sama

Ɗan'uwa, ka ce duron ɗinka yana cikin tafiya sai siginar tauraron ɗan'adam ta ɗauke, ya fara zamewa. Idan GPS, wato tsarin da ke nuna wa jirgin inda yake ta tauraron ɗan'adam, ya yanke, jirgin yana riƙe tsayinsa, amma iska ce ke jansa. Kada ka dogara da maɓallin komawa gida, wanda ke mayar da jirgin wurin da ya tashi, ba ya aiki sai da GPS. Ka sauko da shi da hannu, sannu a hankali.

Gaggawa na iya jawo wannan. Kafin tashi, jira adadin taurarin ɗan'adam ya haura 10 a allo, jirgin kuma ya adana wurin tashi. Guji tsakanin dogayen gine-gine da ƙarƙashin gada. Duba saman jirgin ma, kada wani abu ya rufe eriya.

In a fili fetal yake yi, kai wa mai gyara.