An ɗauke wuta, amma waya ba ta mutu ba

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Garinmu yana ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba. Wani kamfani zai kafa mana tashar sola da za ta yi amfani da turakun JED, kamfanin rarraba wuta na yankinmu, amma sun ce yaranmu masu gyaran wuta ba za su ƙara taɓa layi ba, kuma dole duk mai janareta ya sa cenjoba, wato makunnin sauya wuta tsakanin layi da janareta. Mutane na cewa hanyar tatsar kuɗi ce. Hankalinmu bai kwanta ba. Mu sa hannu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Tsarin halastacce ne. Dokar ƙananan tashoshin wuta ta NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, dokar da aka fitar a 2016 aka sabunta a 2023, ta yarda da irin wannan tasha. Yarjejeniyar ta ɓangare uku ce: ku, mai tashar, da kamfanin rarraba wuta. Kafin ku sa hannu ku ga an rubuta kuɗin yunit, awannin wuta a rana, da wanda zai gyara taransifoma idan ta ƙone. Ku nemi mita ga kowane gida. Shi ke nan a wannan ɓangaren.

Sharuɗɗan nan biyu da ake gunaguni a kansu kuwa, su ne mafi amfani a takardar. Maganar da ke kai mutane kabari ita ce "ai NEPA ta ɗauke, hau kawai." A da ma ganganci ne, balle yanzu. Da, ta hanya ɗaya wuta ke shigowa gari. Idan tashar sola ta zo, layin nan zai riƙa samun wuta daga babban layi, daga batiran tashar, da kuma daga duk gidan da aka haɗa inbata ko janareta ba bisa ƙa'ida ba. Babban layi na iya ɗaukewa tashar ta karɓa nan take, babu mai yi wa na saman falwaya sallama.

Taransifoma kuma ba ta san gaba da baya ba. Yadda take sauke bolt 11,000 zuwa 415, haka za ta ɗaga wutar janareta ta mayar da ita dubbai idan aka tura mata ta baya. Mai shago ya soka wayar janaretansa a soket bai raba gidansa da layi ba, yaro yana can bakin kasuwa riƙe da wayar layi da filaya, yana ganin gari duhu. Kashi 1 cikin 10 na amfiya ɗaya, ma'aunin wutar da ke bin waya, ya isa ya tsayar da zuciya. Aikin cenjoba ke nan: ta yanke layin waje gaba ɗaya kafin ta ba janareta hanya. Cire fyus da hannu ba ya maye gurbinta, domin ranar da ɗanka zai tayar da injin ba zai tuna ba.

Abin da ke ɓata min rai shi ne masu kiran kansu injiniyoyi da ɗan testa mai ƙwai a aljihu. Wannan testa na soket ne. Ma'aikacin gaske sai ya samu takardar izinin aiki, ya buɗe makunni ya sa kwaɗo, ya gwada layi da na'urar da ta dace da ƙarfinsa, sannan ya ɗaure wayar ƙasa a gaba da bayan inda zai tsaya. Wanda bai yi waɗannan ba da ransa yake caca, kuma ku da kuka tara masa kuɗin hawa kuna da alhaki a wuyanku. Su ne dai ke cusa jan ƙarfe mai kauri a gurbin fyus, taransifoma ta ƙone, a dawo ana karo-karo.

Idan waya ta faɗi ƙasa, musamman da damina, ku ɗauka da wuta a jikinta. A ja baya kamar mita 10, a tsare yara da dabbobi, a kira kamfani. Kada a janyo wanda babbar waya ta kama, ko da busasshiyar sanda, sai an tabbatar an kashe layin.

Yaran naku kuma kada a kore su. Ku sa a yarjejeniyar cewa kamfanin zai horar da wasunsu ya ɗauke su aikin haɗa wayar cikin gida da saka cenjoba. Ku roƙi mai gari da liman su sanar da maganar janareta ranar Juma'a, tun kafin a kunna tashar.