Tambaya da Amsa: Yaya Koriya ta Kudu ta yi mana fintinkau?

Tambaya: Malam, Koriya ta Kudu ba ta da rijiyar mai ko ɗaya, mu kuwa tun 1958 muke fitar da shi. Ina muka kuskure? Daga wani malamin makaranta, Funtuwa.

Amsa: Malam, ai shi kansa man yana cikin abin da ya taɗe mu. Amma bari mu fara leƙa Koriyar. Yaƙin 1950 zuwa 1953 ya bar ta kango. Sai dai tun 1950 aka fara raba filaye, aka taƙaita gonar kowane gida zuwa kimanin hekta uku. Manomin da ke aro ya zama mai gona, ya sami abin sa ɗansa a makaranta.

Park Chung-hee ya ƙwace mulki a 1961. Ɗan kama-karya ne, ba mu wanke shi ba. Ya riƙe bankuna, ya riƙa ba kamfanoni bashi mai sauƙin ruwa bisa sharaɗi guda: sai ka sayar da kayanka a waje. Ka cika adadin da aka yanka maka a ƙara maka, ka gaza a janye hannu. Mai saye a Amurka kuwa bai san ɗan uwan minista ba, kaya kawai yake dubawa. Da gashin kanti da falanki da yadi suka fara. Cinikinsu na waje ya kai dala miliyan 100 a 1964, ya haura biliyan 10 a 1977. Kamfanin POSCO ya fara narka ƙarfe a 1973. Masana'antarmu ta ƙarfe ta Ajaokuta kuwa da aka fara aikinta a 1979 har yau ba a kunna babbar tandarta ba.

Mu nan, da farashin mai ya tashi a 1973, dalar Amurka ta kwararo, naira ta yi ƙarfi, kayan waje suka yi arha, amfanin gonarmu ya yi wa mai saye na waje tsada. Ga fari, ga cutar gyada ta 1975, sai dalar gyadar Kano ta ɓace. A shekarar ce aka yi odar siminti kusan tan miliyan 20, jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a Legas ana biyansu kuɗin jira. Gwamnatin da rijiya ke ciyarwa ba ta cika buƙatar harajin talaka ba, don haka tambayarsa ba ta hana ta barci.

Tambaya: Ba rashin teku ne ya danne Nijar ba? Daga wata 'yar kasuwa, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, yana da nasa kaso. Kwantena daga Kwatano zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, ga kuɗin mota, ga kwastan, ga shingaye, kuma duk a kan mai saye suke sauka. Amma Botswana ma ba ta da teku. Ta sami 'yanci a 1966, aka gano lu'ulu'u a Orapa a 1967. Gwamnati ta riƙe rabin kamfanin haƙar lu'ulu'u na Debswana, ta zuba ribar a makarantu da asibitoci da tituna, ta kuma ware asusun ajiya na Pula a 1994. Ita ma ba ta gama haye ba, don matasanta na fama da rashin aiki kuma kasuwar lu'ulu'u ta yi sanyi. A Nijar tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, ya yi shekaru yana haska gidaje a Faransa, alhali yawancin wutar Yamai daga Najeriya aka daɗe ana sayo ta.