Amsa ga mai tambaya kan manhajar tsara aikin gyara

Malam, ka ce yaranka huɗu suna fita gyaran sola da firji daga Gusau zuwa Ƙaura Namoda da Talata Mafara, kuma littafi ya daina riƙe maka lissafi, kana tambaya ko manhaja za ta yi maka amfani. Za ta yi, amma kada tallan sababbin abubuwa ya ruɗe ka.

Abin da za ka fara tambayar mai sayarwa shi ne: tana aiki babu intanet? Kowa ya tuna watan Satumba na 2021 da aka kashe layukan waya a Zamfara. Mai kyau tana ajiye aikin a cikin wayar yaro, sai ya samu sabis ta tura.

Ni abin da ya fi yi mini rana shi ne hoto. Yaro ya ɗauki inbata kafin ya taɓa ta, ya ɗauka bayan ya gama, da lokaci da wurin da yake a manne. Wani Alhaji ya taɓa rantse mini an musanya masa batir. Na buɗe hoton, ga lambar batirin nan ɓaro-ɓaro, sai ya koma gaisuwa.

Lissafin kayan gyara ma yana da daɗi, kowane fiyus da tukunyar gas da aka fitar tana cirewa da kanta. Tunatar da kwastoma ta WhatsApp ba laifi.

Wadda ke zaɓar wa yaro hanya kuwa, bar ta. Taswira ba ta san hanyar da ba a bi bayan la'asar ba. Kuma ka tambaya ko kuɗin wata da dala ne ko da naira.