Kafin ka sayi motar kai baƙi hawan dutse, ƙirga ranakun hazo

Wani ɗan kasuwa da ke zaune a tsibiri mai manyan duwatsu ya tara ɗan jari, yana so ya fara kai 'yan yawon buɗe ido hawan dutse da kallon magangarar ruwa. Tambayarsa: ya zuba kuɗin a mota, ko ya fara da ba da hayar kayan hawa?

Malam, kada ka fara da mota. A wannan sana'a yanayi ne ke da wuƙa da nama. Gari zai waye garau a bakin teku, kan dutse kuwa gajimare ya rufe shi ruf, ba ka hango wanda ke gabanka da taku goma. Ranar ba fita, amma bashin mota da inshora ba su san da hazo ba, ƙarshen wata sai an biya. Ga kuma hawa da gangara da ke cinye birki da kuloci da taya fiye da hanyar da take miƙe. Ɗauki shatar mota da direbanta ranar da kake da baƙi kawai, har ka ga kakar baƙi biyu.

Yi lissafin haka. Haɗa kuɗin shata, ladan ɗan jagora, mai, ruwan sha da kuɗin shiga, ka raba da abin da kake karɓa a kan mutum ɗaya, ka ga baƙi nawa za su maido maka kuɗinka. A ce motar tana ɗaukar mutum 8, kuma sai na biyar ya shiga kuɗinka ke dawowa: to kujeru 3 ne ribarka, su ma in sun cika. Idan ta shafukan intanet masu tallata yawon buɗe ido irin Viator ko GetYourGuide baƙon ya zo, suna cire la'adarsu, galibi kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. A nan da yawa ke faɗuwa, domin sun yanka farashi ba su sa la'adar a ciki ba. Sannan kada ka gina lissafin a kan kwana 30. Tambayi tsofaffin 'yan jagora kwana nawa ake fasa fita a kowane wata, ka cire.

Maganin hazo shi ne hanya biyu. A tsibirai irin Madeira da Tenerife iska daga arewa maso gabas take kawo danshi, sai arewa ta jiƙe, kudu ta tsaya a bushe. Riƙe hanyar sama guda, da ta ƙasa guda a ɓangaren da dutse ya tare iska. Ka rubuta a takardar yarjejeniya cewa in yanayi ya ɓaci za a sauya hanya ko rana, ka kuma karɓi kafin alƙalami. In ba haka ba, mayar da kuɗi zai cinye uwar kuɗin.

Kayan haya kuwa, a nan ƙaramin jari ke yin aiki. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Dutsen Teide na tsibirin Tenerife ya haura mita 3,700, ka ga wanda ya taso daga bakin teku da 'yar shimi zai isa sama haƙoransa na kaɗawa. Sayi rigunan ruwa, rigunan sanyi, sandunan dogarawa da tocilan ta goshi saboda masu zuwa kallon fitowar rana, kamar saiti 10 don farawa. Takalma dai ka bar su tukuna: sai ka tara lamba-lamba, kuma wanda ya jiƙe yau ba lallai ya bushe kafin gobe ba.

Lasisin jagora da inshorar haɗarin baƙi su ne farkon abin da za ka biya, tun kafin sanda ɗaya. Wasu ƙololuwan ma sai da izini: Teide da dutsen Hallasan na tsibirin Jeju a Koriya ta Kudu duk sai an yi rajista tun da wuri, kuma gurbin ƙayyadadde ne. Kada ka sayar wa baƙo rana sai izinin ranar yana hannunka.