Daga Shagari Zuwa Dodan Barak: Ina Tsanin Yake?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne daga Yabo. Yankinmu ƙauye ne, amma ya fitar da shugaban ƙasa da minista da kakakin majalisa. Wasu na cewa duk albarkacin sarauta ne, ɗan talaka ba shi da rabo. Haka abin yake?

Amsa: Ɗana, akwai gaskiya a maganarsu, amma ba ita ke nan ba. Sarauta ta buɗe wa mutanen nan ƙofar makaranta, sauran tafiyar kuwa da ƙafarsu suka yi ta.

Ɗauki Alhaji Shehu Shagari. An haife shi a 1925, mahaifinsa shi ne Magajin Shagari. A wancan zamani Turawa kan matsa wa hakimai da dagatai su kawo 'ya'yansu boko, alhali talakawa na ɓoye nasu. Ta haka ya shiga elementare a nan Yabo, ya wuce Midil ta Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna. Da ya gama sai ya riƙe alli, har ya zama hedimasta a Argungu. Wannan shi ne tsanin da kusan duk manyan Arewa na farko suka taka. Sardauna Ahmadu Bello ma malami ne a Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Malamin makaranta a lokacin ya iya Turanci, ya san ma'aikatan En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, iyayen yara kuma sun san shi gari-gari. Me jam'iyya ke nema wajen ɗan takara da ya wuce haka?

A 1954 aka zaɓi Shagari zuwa Majalisar Wakilai a Ikko ƙarƙashin jam'iyyar NPC, ya yi sakataren majalisa na Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, daga baya ya riƙe ma'aikatu da dama. Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne abin da ya yi bayan juyin mulkin 1966. Mutumin da ya yi minista ya tattara ya koma gida, ya shiga aikin tara kuɗi ana gina makarantu a lardin Sakkwato. Bai ga hakan a matsayin faɗuwa ba. Daga nan ya yi kwamishina a Jihar Arewa maso Yamma, Gowon ya ba shi ma'aikatar kuɗi a 1971 bayan Awolowo ya ajiye. Ko a 1979 kujerar sanata yake so, NPN ce ta tsayar da shi shugaban ƙasa. Ya yi mulki daga Dodan Barak, fadar shugaban ƙasa a Ikko a lokacin, har 31 ga Disamba 1983.

'Yan baya kuwa tsaninsu ya sauya. Mukhtar Shagari lauya ne, ya yi ministan albarkatun ruwa zamanin Obasanjo, sannan mataimakin gwamnan Sakkwato daga 2007 zuwa 2015. Aminu Waziri Tambuwal, maƙwabcinku, shi ma lauya ne. Ya fara da yi wa sanata hidima a majalisa, ya ci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a 2003, ya zama kakaki a 2011, gwamna a 2015. Rigar lauya ta maye gurbin alli, uban gida a jam'iyya ya maye gurbin En'e.

Ba zan ɓoye maka ba, dukkansu daga gidajen da aka sani suka fito, kuma kuɗin fom ɗin takara yau ya fi ƙarfin mai albashi. Wannan yana damuna ƙwarai. Amma makarantar da a da sai ɗan dagaci ke shiga, yau kai ma kana cikinta. Idan siyasa kake so, gama karatunka, ka yanki katin jam'iyya a mazaɓarka, ka riƙa zuwa taron gunduma ko da ba a raba komai.