Hukuncin ɓoye mai taɓin hankali saboda tsoron gori

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ƙanwata ta samu taɓin hankali makonni kaɗan bayan ta haihu. Ba ta barci, tana surutai, wani lokacin ma ba ta gane jaririnta. An dawo da ita gida an kulle ta a ɗaki ana yi mata ruƙiya, mahaifinmu kuma ya hana a kai ta asibiti, domin kada a ce da hauka a zuriyarmu, ƙannenmu su rasa mijin aure. Mene ne hukuncin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ta lafiya, ya saka maka da alheri bisa wannan kulawa.

Bai halatta a hana ƙanwarka magani saboda tsoron bakin mutane ba, kuma kulle ta a ɗaki alhali akwai inda za a duba ta zalunci ne, ko da wanda ya aikata yana ganin sutura yake yi. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani, kuma Manzon Allah (SAW) bai ware ciwon ƙwaƙwalwa daga wannan magana ba. Abin da ka siffanta sananne ne a wajen likitoci, yana samun wasu mata a cikin jego, ana kuma warkewa idan an gaggauta, amma jinkiri na iya jefa ranta da na jaririn cikin haɗari. Ruƙiya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata halal ce, a ci gaba da ita tare da maganin asibiti. Duka da sa mari da sunan fitar da aljani kuwa cutarwa ce da shari'a ta haramta.

Ina so ka tsaya a kan wani hadisi da ba a cika jin sa a majalisanmu ba. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mata mai taɓuwa a hankalinta ta ce wa Annabi (SAW) tana da buƙata a wurinsa, sai ya kira ta da alkunyarta, ya ce ta zaɓi hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama bayanin buƙatarta. Bai kore ta ba, bai sa an tsare ta ba, bai ga tsayuwa da ita a bainar jama'a abin kunya ba. To, mu da muke ɓoye 'ya'yanmu a ƙuryar ɗaki, wa muke koyi da shi? Shari'a ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito, saboda haka wanda Allah bai kama shi da laifi ba, babu mai ikon ɗora masa laifi. Masu gori kuwa su ne aya ta 11 a Suratul Hujurat ta tsawatar wa, inda aka hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi.

Game da aure, gaskiya ne Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin fiƙihun Malikiyya, ta lissafa hauka cikin aibobin da ke ba da zaɓin warware aure, amma hukuncin yana kan wanda ciwon ya sama ne, bai shafi ƙanne ko 'yan'uwa ba.

Ka je wa mahaifinka da ladabi, tare da mijinta da wani baffa ko limamin da yake jin maganarsa, ku nuna masa cewa nauyin ranta yana wuyansa. Akwai asibitocin wannan fanni a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Idan ya dage bayan an yi masa nasiha, ku kai ta, wannan ba saɓa wa iyaye ba ne, domin biyayya tana cikin abin da yake alheri ne kawai. Ina kuma roƙon 'yan'uwana limamai su shigar da wannan batu cikin huɗubar Juma'a, domin magidancin da ya ji daga kan mumbari cewa ciwo ne kamar hawan jini, zai fi samun ƙarfin zuciyar fito da 'yarsa.

Wallahu a'alam.